Taimakon da Na Yi wa Tukunyar Madam

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni, don na san Aminu ɗan Birchi ya gama zagaye rabin Kurfi da nasa labarin. Ana jibi zan tafi Kwatano, ni da bakina na tsaya a majalisarmu ta gindin bishiyar bedi, na bugi ƙirji na ce ranar da zan dawo a gidan gaba na mota za ku gan ni, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje, kuma duk wanda bai yi wanka ba kada ya matso kusa. Ba wanda ya tambaye ni. Ni na faɗa.

Tun da na dawo kuma kun hana ni shan ruwa. Mannir ina motar? Mannir yaya teku? Mannir tsakaninka da Allah, ka ci ko ba ka ci ba? To ga shi na rubuta. Kowa ya karanta, a bar ni in huta.

Kawu Sada ƙanin mahaifiyata ne. Ya daɗe a Kwatano yana sayen motoci yana turo su Arewa. Bana bai samu zuwa Babbar Sallah ba, shi ya sa kakata Hajiya Yalwa ta ware cinya guda ta ragonta, ta kwana biyu tana dafawa tana dakawa tana soyawa, ta cika wani bokitin roba mai murfi da dambun nama, ta ɗaure bakinsa da tsohon ɗankwali. Kawu kuwa ya bugo waya ya ce tunda an yi hutu, a haɗo ni da direbansa Malam Haladu in kai saƙon, in ya tashi turo mota in biyo ta a gidan gaba. Sai ya ƙara da cewa, “In bai yi halin nasa ba.” Wannan ƙarin ne ban gaya muku ba a majalisa.

Ranar tafiya Hajiya ta danƙa mini bokitin ta ce, “Kai maigidan, na auna shi da idona. Sada kaɗai zai kwance ɗankwalin nan.”

Na ce, “Haba Hajiya, ni da nake mijinki ko ɗanɗane babu, sai wani ƙato da ya gudu ya bar ki?”

Ta ce, “Mijin da ba ya cefane? Tafi can, Allah ya kiyaye hanya.”

Ɗan acaɓa ya kai mu Dutsin-Ma, ƙaramar mota ta kai mu Funtuwa, daga nan muka hau doguwar bas ta Legas. Malam Haladu mutum ne mai magana ɗaya a duniya: taya. Duk motar da ta wuce mu sai ya leƙa ya ce tayarta ta baya ba za ta kai Ilori ba. In ya gama wannan sai barci. Ni kuwa bokiti na kan cinyata, ƙamshin yaji yana fitowa ta gefen murfi yana yi mini gwalo. Wani ɗan kasuwa da ke gefena ya yi ta yi mini wa'azi a kan falalar ciyar da matafiyi, idonsa a kan ɗankwalin. Na ce masa ni ma matafiyin ne, kuma ban ci ba.

Da muka tsaya cin abinci bayan mun ƙetare babban kogi, aka kawo mini sakwara da wata miya mai yauƙi. Na ɗaga loma, miyar ta biyo ta. Na ƙara ɗagawa, ta ƙara biyowa. Sai da na miƙe tsaye sannan ta haƙura. Kuɓewarmu ta san iyakarta, wannan kuwa da ita za a iya jan guga.

Legas ba zan ɓata takarda a kanta ba. Mutanen can ba sa magana, faɗa suke yi. Na ga mutum biyu sun cakumi juna suna ihu, na ja da baya ina neman mafaka, Malam Haladu ya ce gaisawa suke yi.

Sai iyakar ƙasa. Tun ina firamare nake zaton iyaka katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, in ka wuce ta har launin ƙasa ya canza. Ashe kasuwa ce kawai, da rumfuna da masu canji da masu tallan ruwa. Iyakar gonar Baba da ta maƙwabcinmu a Rawayau ta fi ta tsari, don can aƙalla akwai gamba. Wani ma'aikaci a ɓangaren Faransanci ya duba takarduna, ya nuna bokiti ya yi alamar in buɗe. Na rungume shi na ce kakata ta hana. Malam Haladu ya yi gumi, ya fassara masa da guntun Faransancinsa. Mutumin ya dube ni, ya sunkuya ya shinshina murfin, ya kwashe da dariya, ya ce shi ma yana da kaka, mu wuce. Ku riƙe wannan: bokitin nan ya ƙetare iyakar ƙasa ba a kwance shi ba.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓansu duk rigarsu ruwan ɗorawa, kamar 'yan makaranta ɗaya da aka kora gaba ɗaya. Gaisuwarsu kalma guda ce, a wuce. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya iyali. Mutum zai iya mutuwa a garin nan ba wanda ya taɓa tambayarsa ya ya ji da aiki. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, da Bafulatani ya samu irinsa da ya huta da sassaƙa sanda. Teku kuma, tunda kun dame ni: dam ɗin Zobe ne da aka bari ba tarbiyya. Ga yawa, ga hauka, ga shi ba ya shayuwa. Na ɗanɗana, na tofar.

Kawu da matarsa Anti Bilki suna haya a saman wani bene, ɗaki biyu. Mai gidan ita ce Madam Selestin, tana zaune a ɗaya ɓangaren, baranda ɗaya ta haɗa su. Ƙatuwar mace ce, tsohuwar ungozoma, ta yi shekaru tana aiki can arewacin ƙasarsu cikin Hausawa, don haka tana jin Hausa, sai dai tana tauna ta kamar goro. Tun ranar farko ta raɗa mini “ɗan Kasina”. Kawu, wanda na san shi da tsawa a gida, in ya ji takunta a matakala har murya yake ragewa.

Da na miƙa masa bokitin, ya rungume shi, ya sa hanci a gefen murfi ya lumshe ido. Na zaci zai kwance, na gyara zama. Sai ya ce, “A'a. Dambun Hajiya ba a cin sa a tsaitsaye. Sai Juma'a, in na sauko daga masallaci, Bilki ta dafa farar shinkafa, in zauna in ci a natse.” Ya taka kujera ya ɗora shi a kan kabad. Ranar Talata ke nan.

Ranar Alhamis da safe Kawu ya tafi tashar jiragen ruwa wajen motoci, Anti Bilki ta tafi awo, aka bar ni ni kaɗai ina ƙirga babura daga baranda. Sai ga Madam ta fito rungume da wata tukunya. Jikinta na ƙarfe, a ciki akwai wata baƙar tukunyar tangaran, a sama murfin gilashi, a baya wutsiyar waya. Ta ajiye ta a kan tebur can ƙarshen nata ɓangaren, ta jona a bango. Ta ce soket ɗin kicin ɗinta ne ya ƙone.

Ta ce, “Ɗan Kasina, yau da yamma iyayen wanda zai auri ɗiyata za su zo. Zan je kasuwa, zan je gyaran gashi. Tukunyar nan awa takwas take yi. Ba a buɗewa. Ba a juyawa. Ba a taɓawa. Aikinka ɗaya: in an ɗauke wuta ka kira ni.”

Na ce, “Awa takwas, Madam? Ƙafar raƙumi ce a ciki?”

Ta ce, “Haƙarƙari ne.”

Ta sauka ta tafi. Ban tambaye ta haƙarƙarin me ba. Kuma kafin ku yi mini dariya, ku gaya mini: wa ya taɓa yin wannan tambayar a Kurfi? A wurinmu in an ce haƙarƙari, abin da ya rage a sani shi ne na rago ne ko na akuya.

Na ja kujera na zauna ina kallon abin al'ajabi. Jama'a, na ga lalaci a duniya, na zauna aji ɗaya da Aminu, amma ban taɓa ganin malalaci irin tukunyar nan ba. Ba wuta, ba hayaƙi, ba ƙara. Wata 'yar jar fitila ce kawai a gabanta kamar idon ɓera. Bayan awa guda na kai bayan hannu kusa da jikinta, ɗuminta bai wuce goshin yaro mai zazzaɓi ba. Gilashin ya yi gumi, shi ke nan aikin da ta yi. A gidanmu in an ɗora nama, unguwa ce take sani: a hura wuta, itace ya yi ƙara, hayaƙi ya sa mai girki hawaye, tukunya ta yi ta ɓararraka tana ɗaga murfi. Wannan shi ne girki. Ita kuwa wannan ta zauna shiru kamar amaryar da aka hana magana, wai aiki take yi. Na ce lallai Turawa sun raina mutanen nan, sun sayar musu da tukunya mai ciwon sanyi.

Wajen awa uku sai ƙamshi ya fara fitowa.

Nan ne inda na kashe kaina. Wani ƙamshi ne mai zaƙi-zaƙi, da tafarnuwa da citta da wani abu kamar zuma, ya cika barandar, ya shiga hancina ya sauka har gwiwa. Kun san santi yakan kama mutum ne yana tsakiyar ci. Ni nawa tun kafin loma ya kama ni. Na ciro waya na aika saƙon murya a zaurenmu na waya, wanda na san har yau yana wayar kowannenku, don haka ba amfanin musu. Na ce, “Ku kuna can kuna fama da tuwon dawa miyar kuka, ni ina nan ƙamshi kaɗai ya fi duk naman Sallar Kurfi. Wannan rago da madara aka yi kiwonsa. In Allah ya ba ni kuɗi, da irinsa zan yi layya.”

Da irinsa zan yi layya. Haka na ce.

Bayan na yi azahar na dawo na tarar da ita yadda na bar ta. Awa biyar, ko tafasa ɗaya babu. Sai tausayin Madam ya kama ni. Na ce baiwar Allah nan za ta dawo da sabon gashi, surukai su zauna, a buɗe tukunya a tarar da ɗanyen nama, aure ya lalace. Alhali ga ɗan Kurfi a zaune, wanda ya san yadda ake yi wa nama magana. Na har hango ta tana gaya wa Kawu cewa yaron nan ya fitar da ita kunya, Kawu yana cewa ba gidan gaba ba, a ba shi tuƙin ma.

Na jawo kurfotin Anti Bilki, na zuba gawayi, na hura, na yi ta fifita har ya yi jajir. Na sa tsumma na ciro baƙar tukunyar tangaran daga cikin gidanta na ƙarfe, na aza ta a kan garwashi. Ba a jima ba ta fara ɓararraka. Na ce, “Yawwa! Ashe kina da baki.”

Na buɗe murfi, na ɗauko ludayin Anti na juya. Naman har zamewa yake daga ƙashi don laushi. A lokacin na ɗauka aikin gawayina ne na minti biyar. Na lura kitsen ya yi fari da kauri fiye da na ragunan da na sani, na ce to, ragon madara ne. Mai girki kuma dole ya ji gishiri. Na ɗebo wata 'yar tsoka a ludayi, na hura, na kawo ta daidai leɓe, na ce bismillah.

Tau!

Tukunyar ta rabe biyu. Romo ya kwarara cikin garwashi, toka da tururi suka tashi suka rufe mini fuska, na yar da ludayi na yi tsalle har na bugi bango. Da hayaƙin ya lafa, ga haƙarƙarin Madam nan kwance cikin gawayi, baƙi ƙirin, romon yana bin baranda yana gangarawa matakala.

A matakalar ya haɗu da Anti Bilki. Ta tsaya, ta ja hanci sau biyu, ta hau da gudu irin wanda likita ya hana ta.

“Innalillahi! Mannir, mi ka aza a kurfotina?”

“Anti, haƙarƙarin ragon Madam ne, na ga wutar…”

“Rago? Rago a gidan wa? Ragon da ke tonon juji da hanci?”

Na dube ta. Na dubi farin kitsen. Na tuna layya. Na zauna a ƙasa.

Ta ce, “Ka ci?”

“Wallahi ban ci ba.”

“Buɗe bakinka.”

Na buɗe, ta leƙa, ta shinshina, kamar mai sayen akuya a kasuwar Dutsin-Ma. Sannan ta tura ni famfo. Na wanke hannu da sabulu, na wanke da toka, na sauka na ɗebo yashi na ƙara. Har leɓen da bai taɓa komai ba sai da na goge shi ya yi ja.

Ina cikin haka Madam ta dawo, gashi ya tashi sama kamar rumbu. Ta tsaya a kan tukunyarta tana kallon yadda ta rabe biyu. Na gwammace ta yi ihu irin na Legas.

Can ta ce, “Shekara shida tukunyar nan tana dafa mini abinci. Ba ta taɓa neman taimakon kowa ba.”

Na ce, “Madam, ba ta tafasa ne.”

“Ba aikinta ba ne tafasa! A hankali take yi, shi ya sa naman ke laushi. Abu uku na hana ka. Ka yi duka ukun, ka ƙaro na huɗu daga garinku.” Ta juya wajen Anti. “Bilki, na zauna da Hausawa, na san abin da ba ku ci. Kullum a kicin nake dafa shi, ƙofa a rufe. Yau ɗaya na fito da shi, shi ya sa na ce kada ya taɓa. Yanzu saura awa ɗaya baƙi su zo. Me zan ba su? Gawayi?”

A kan wannan kalmar ta ƙarshe sai na ji duk iskancina ya zube. Anti ta juya. Sai na ga ta shiga ɗaki, ta jawo kujera gaban kabad.

Na ce, “Anti, Hajiya ta ce Kawu kaɗai zai…”

Ta ce, “Ka je Kurfi ka gaya mata. Hau ka sauko da shi, ni ba na hawa.”

Ni na sauko da shi da hannuna. Ɗankwalin da ya gagari ɗan kasuwa mai wa'azi, ya gagari ma'aikacin iyaka, ya gagare ni kwana biyu a kan cinya, Anti ta kwance shi cikin daƙiƙa ɗaya. Ta dafa farar shinkafa a kan gas, Madam ta yanka tumatir da albasa, ni kuma aka ba ni tsumma da bokitin ruwa na bi baranda da matakala.

Baƙi suka zo su bakwai. Ta taga nake leƙensu. Mutanen da ba su iya gaisuwa ba, ashe sun iya ci. Uban angon, wani mai tumbi da ɗan gemu, ya ci ya ƙara, ya yi gumi, ya yi ta surutu yana buga tebur. Ba na jin Faransanci, amma santi ko da wane yare aka yi shi ana gane shi. Da za su tafi ya roƙi a ƙulle masa ragowar a leda.

Kawu ya dawo da magariba ya tarar da bokitinsa a kife a baranda, an wanke shi tas. Anti ta ba shi labari daga farko har ƙarshe. Ya ɗaga bokitin, ya leƙa ciki, ya zagaya yatsa a gindinsa ko Allah zai sa. Bai zage ni ba. Ya je ya ba Madam haƙuri, ya yi mata alkawarin sabuwar tukunya. Ya dawo ya kira waya a gabana.

“Haladu, gobe ka ƙetara da yaron nan Legas. Duk abin da ka samu mai taya da zai yi Arewa, ka ɗora shi.”

Da safe Anti ta miƙo mini kurfotin da ludayin a buhu. Ta ce ta wanke su sau bakwai, amma zuciyarta ta ƙi, in tafi da kayana. Madam kuma ta tare ni a matakala ta ba ni burodin nan mai kama da sanda. Ta ce, “Ɗan Kasina, ka gaida kakarka. Ka ce surukaina suna tambaya ko tana da wani jikan da zai zo ya fasa wata tukunyar.”

Abin da Malam Haladu ya samo mai taya tirelar shanu ce da ta sauke kaya za ta koma. Ya zagaya ya duba tayoyinta ya ce za su kai. A baya na zauna, inda shanun suka tashi, kuma sun bar shaida. Daga Dutsin-Ma na hau acaɓa, na shigo Kurfi rungume da kurfoti. Kun gan ni, kuna gindin bedi. Labari ya riga ni isowa ta wayar Anti, Aminu ya haɗa shi da saƙon muryata, shi ya sa tun kafin in sauka na ji ana kiran “Alhaji mai layya”.

Hajiya ta sa na tsaya a zaure. Ta ce, “Ka ci?” Na ce ban ci ba, na gaya mata yadda aka yi. Ta ce, “Bismillar da ka yi ce ta fasa ta. Allah ya so ka.” Ta hana a shigo da kurfotin, yana nan bayan gida har yau. Sai ta ce, “To Sada fa, ya ji daɗin dambun?”

Na gaya mata gaskiya. Takalminta ya same ni a ƙeya.

Motar ta iso bayan kwana goma sha biyu, fara sol, Malam Haladu yana danna oda tun daga bakin gari. Ni ina tsaye tare da ku. A gidan gaba bokitin Hajiya ne a zaune, an ɗaura masa bel. Kawu ne ya aiko da shi a sake cikawa.